Gurbin Dabarun Kasuwa a Makarantun Koyon Sana'a

Akasarin makarantun koyon sana'a an gina su ne a kan zato guda, wato da zarar hannun ɗalibi ya faɗa, to abin sakawa a baka zai biyo baya da kansa. Saboda haka manhajarsu ta karkata ga awo da yanka da haɗi da gyara, kuma jarrabawar ƙarshe ba ta wuce a duba ko ɗinkin ya miƙe, ko waldar ta kama, ko injin da aka kwance ya tashi bayan an mayar da shi. Ranar yaye ana miƙa wa ɗalibi takardar shaida, wani lokaci har da 'yan kayan aiki, amma ba kasafai ake tambayarsa wa zai sayi abin da ya iya yi ba, ko nawa zai ce a biya shi, ko ta wace hanya mai buƙatar aikin zai san da zamansa. A wannan giɓi ne ƙwararru da yawa suke faɗuwa, kuma faɗuwar tasu ba ta da alaƙa da rashin iya aiki.

Abin da ya sa lamarin ya yi nauyi shi ne irin duniyar aikin da masu kammala karatun suke shiga. Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta bayyana a rahotonta na 2018 cewa kimanin mutum biliyan 2, sama da kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, suna neman abincinsu ne a harkokin da ba su cikin tsarin hukuma. Da yawa daga cikin waɗannan mutane masu zaman kansu ne ko kuma ma'aikatan ƙananan wurare. Babban kamfani yana da sashen saye da sashen sayarwa da sashen talla da na karɓar bashi, injiniyan da ke cikinsa kuwa ba ruwansa da ko ɗaya. Tela ko kafinta ko mai gyaran waya da ya buɗe shagonsa shi kaɗai ne duk waɗannan sassa, alhali an horar da shi a kan guda ɗaya tak.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa dabarun kasuwa ba su wuce talla da daɗin baki ba, don haka wasu malaman sana'a suke yi musu kallon abin da bai kai a ɓata masa lokacin aji ba. A shekarar 1960 malamin kasuwanci ɗan Amurka E. Jerome McCarthy ya kasa harkar gida huɗu, kuma har yau da wannan rabo ake koyarwa: hajar kanta, farashinta, hanyar da za ta isa ga mai saye, sannan tallata ta. Talla ce ta ƙarshe, kuma sau da yawa ita ce mafi sauƙi. Ukun farko duk shawarwari ne da ake yankewa tun kafin a sa almakashi a yadi ko zarto a katako. A shekarar 1960 ɗin dai Theodore Levitt na jami'ar Harvard ya wallafa wata maƙala da ta yi fice, inda ya kafa hujja da kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka. A ganinsa sun ja baya ne saboda sun ɗauki kansu masu harkar jirgin ƙasa maimakon masu harkar sufuri, sai motoci da jiragen sama suka kwashe fasinjoji da kayan da ya kamata a ce nasu ne. Ƙaramin mai sana'a ma yana iya afkawa wannan tarko, idan hankalinsa ya tsaya a kan abin da ya iya ƙerawa ya manta da buƙatar da ta kawo mai saye wurinsa.

Farashi ne wurin da rashin wannan ilimi ya fi yin ɓarna, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗauki sabon kafinta da aka ba shi aikin tebur. Zai lissafa kuɗin katako da ƙusa da gam da fenti, ya ɗora wani ɗan abu a kai, ya faɗi farashi. Abin da bai saka ba ya fi abin da ya saka yawa: kuɗin ɗauko katakon, da ɓarin da yake zubewa wajen yanka, da rabon wannan tebur daga kuɗin hayar shago da na wuta, da haƙoran zarton da suke cinyewa a kowane aiki, da ranar da ya ɓata wajen zuwa awo, da kuma ladan hannunsa shi kansa, wanda yawancin sababbin masu sana'a suke rikita shi da riba. Idan mai saye ya taya, sai ya rage, domin bai san iyakar da in ya sauka ƙasa da ita ya shiga faɗuwa ba. Yana iya shekara guda yana aiki ba dare ba rana, shagonsa cike da oda, amma ranar da injin ya lalace babu kuɗin gyara, domin tun tuni yake cin uwar kuɗi bai sani ba. Mafi muni kuma, arhar tasa tana janyo farashin sauran abokan sana'arsa ƙasa, har a wayi gari kowa yana rage ingancin katako don ya tsira. Wannan lissafi ba ya buƙatar ilimi mai zurfi, kuma ana iya koyar da shi a kan teburin da ɗalibi ya gama haɗawa da hannunsa. Akwai kuma ɓangare na biyu na farashi, wanda lissafin kashe kuɗi kaɗai ba ya bayarwa, wato sanin darajar aikin a idon mai saye. Wanda yake buƙatar kayansa cikin kwana biyu da wanda zai iya jiran wata guda ba abu ɗaya suke saye ba, ko da teburin iri ɗaya ne.

Sauraron mai saye shi ne abu na biyu, kuma shi ma fasaha ce da ake koyo. Mai haɗa wutar sola da aka kira gida yana iya fara lissafa ƙarfin faranti da na batir tun daga bakin ƙofa, maigidan yana gyaɗa kai ba tare da ya fahimci komai ba. Wanda aka horar zai fara da tambaya: waɗanne kaya ake kunnawa, awa nawa, da rana ko da dare, akwai firji, ana shirin ƙara wani abu nan gaba? Daga amsoshin zai fitar da zaɓi biyu ko uku a rubuce, ya faɗi abin da kowanne zai iya ɗauka da abin da ba zai iya ba, ya rubuta kafin alƙalami da ranar gama aiki da tsawon lokacin da zai dawo gyara kyauta. Kayan aikin mutanen biyu iri ɗaya ne, iliminsu na wuta ma ɗaya ne, amma na biyun ne za a sake kira, kuma shi za a nuna wa maƙwabci. A ƙananan sana'o'i yawancin sababbin abokan ciniki ta bakin tsofaffi suke zuwa, shi ya sa cika alkawari da bibiyar aiki bayan an gama suke cikin dabarun kasuwa, ba halin kirki ne kawai ba.

Shigar da wannan fanni cikin ilimin sana'a ba sabon tunani ba ne. A 1905 Lucinda Prince ta buɗe aji a birnin Boston don horar da 'yan mata masu sayar da kaya a manyan kantuna, a lokacin da ake ganin sayarwa ba abin koyo ba ce. Dokar Smith-Hughes ta 1917, wadda ta fara ba ilimin sana'a kuɗin gwamnatin tarayyar Amurka, ta tsaya ne a kan noma da sana'o'in masana'antu da kula da gida. Sai a 1936 dokar George-Deen ta shigo da ayyukan rarraba kaya da sayarwa, kuma a 1946 aka kafa ƙungiyar ɗalibai ta DECA, wadda har yanzu take shirya gasar dabarun kasuwa tsakanin makarantu. Jamus ta bi wata hanyar. A tsarinta na koyo a wuri biyu, inda ɗalibi yake raba makonsa tsakanin kamfani da makaranta, wanda dokar 1969 ta daidaita, sayar da kaya a kanti sana'a ce mai zaman kanta da ake shekara biyu ko uku ana koyo, kuma tana cikin waɗanda matasa suka fi shiga. A 2018 an ƙara sabuwar sana'ar kasuwanci ta intanet a jerin waɗanda hukuma ta amince da su.

Abin da ya fi jan hankali a tsarin Jamus, a ganina, shi ne jarrabawar zama cikakken gwani, wadda a sana'o'in hannu da dama sai da ita mutum yake buɗe wurin kansa. Kashi huɗu ce: aikin hannu, ilimin fannin, sannan harkar kasuwanci da doka, sai kuma iya koyar da yara masu koyo. Ma'anar wannan ita ce, komai kyawun hannun magini ko mai aikin lantarki, ba a ɗauke shi ya isa riƙe shago ba sai ya nuna ya san lissafin farashi da yarjejeniya da neman kasuwa. Wannan tarihi ya nuna hanyoyi biyu da ya kamata a bambanta. Akwai koyar da sayarwa a matsayin sana'ar da mutum zai rayu da ita, akwai kuma cusa dabarun kasuwa cikin kowace sana'a. Ta farko ta samu gurbi a ƙasashe da yawa, ta biyun ce har yanzu ake yi wa riƙon sakainar kashi.

To shin horon yana aiki kuwa? An gwada, kuma amsar ba ta zo da sauƙin da masu goyon baya za su so ba. Masanin tattalin arziki na Bankin Duniya David McKenzie ya tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama a 2021, ya samu cewa horon kasuwanci irin na aji yana ƙara riba da kimanin kashi 10 cikin ɗari, ciniki kuma da kimanin kashi 5. Wannan ba abin rainawa ba ne, amma ba shi ne zai mayar da ƙaramin shago masana'anta ba. Sai dai matsakaicin adadi yana ɓoye bambanci mai yawa tsakanin horo da horo. A Afirka ta Kudu, Stephen Anderson da Rajesh Chandy da Bilal Zia sun raba ƙananan masu kasuwanci 852 gida uku ta hanyar ƙuri'a: wasu aka koya musu dabarun kasuwa, wasu harkar kuɗi, wasu kuma ba a koya musu komai ba. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna cewa bayan shekara guda ribar rukunin farko ta ƙaru da kimanin kashi 61 cikin ɗari, ta na biyu kuma da kimanin kashi 41. Hanyoyin da suka bi ne suka bambanta. Masu ilimin kuɗi sun samu ribarsu ta rage kashewa, masu ilimin kasuwa kuwa ta ƙara ciniki da ɗaukar ƙarin ma'aikata. Ga duk gwamnatin da take kashe kuɗi a kan koyar da sana'a domin samar da ayyukan yi, wannan bambanci shi ne zuciyar maganar. Binciken ya kuma gano cewa waɗanda suka fi amfana da darasin kasuwa su ne waɗanda ba su ga duniya sosai ba, wato ba su taɓa aiki a wurare daban-daban ba, kuma kusan haka duk sabon ɗalibin da aka yaye yake.

Gwajin da aka yi a Lome, babban birnin Togo, ya ƙara wani haske. An raba masu ƙananan sana'o'i 1,500 gida uku, aka bar wasu ba horo, aka ba wasu darasin kasuwanci na al'ada, wasu kuma horon da masanin halayyar ɗan Adam Michael Frese ya tsara, wanda yake koyar da tashi tsaye: neman abin da mai saye yake so kafin ya faɗa, gwada sabon abu, da shirya wa matsala kafin ta zo. Cikin shekara biyu ribar masu horon Frese ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, ta masu darasin al'ada kuwa da kashi 11, adadin da masu binciken ba su iya tabbatar da cewa ba dace ba ne. An wallafa wannan a mujallar Science a 2017. Abin da za a ɗauka a nan shi ne, haddace ka'idoji huɗu na McCarthy ba ya canza komai idan ɗalibi bai saba fita ya tambayi mutane ba.

Masu adawa sukan kawo maganar nan cewa kaya mai kyau shi ke sayar da kansa, don haka a bar makaranta ta mayar da hankali ga inganci. Akwai gaskiya a ciki, domin babu tallar da za ta ceci ƙofar da ta karkace. Amma wani bincike da aka yi a garin Fowa na ƙasar Masar ya nuna cewa ingancin kansa yana zuwa ne daga kasuwa. David Atkin da abokan aikinsa sun haɗa wasu masaƙan darduma, waɗanda aka zaɓa ta ƙuri'a, da masu saye daga ƙasashen waje. Ribarsu ta ƙaru da tsakanin kashi 16 zuwa 26 cikin ɗari, kuma ingancin saƙarsu ya tashi ƙwarai, saboda masu sayen suna mayar da kaya suna faɗin inda aka kuskure. Daga baya aka kawo masaƙan duka wuri ɗaya, aka ba su zare iri ɗaya da masaƙa iri ɗaya, aka ce su saƙa darduma iri ɗaya, sai waɗanda suka yi hulɗa da kasuwar waje suka fitar da wadda ta fi kyau ba tare da sun ɗauki ƙarin lokaci ba. Ke nan mai saye mai tsanani malami ne, kuma ɗalibin da bai san yadda zai kai gare shi ba ya rasa rabin karatunsa na hannu.

Akwai wata suka da ta fi wannan ƙarfi. Idan aka koya wa tela ɗaya jan abokan ciniki, ba daga shagon maƙwabcinsa zai janyo su ba? In haka ne, al'umma ba ta ƙaru da komai ba, an dai sauya wa kuɗin aljihu ne. McKenzie da Susana Puerto sun gwada wannan a kasuwannin karkara 157 na ƙasar Kenya, da wani horon ILO na mata 'yan kasuwa. Bayan shekara uku waɗanda aka horar sun samu ƙarin ciniki da riba, kuma ba a ga alamar cewa maƙwabtansu sun yi asara ba. Kasuwannin ne da kansu suka bunƙasa, saboda matan sun kawo sababbin kaya sun kuma kyautata mu'amala. Duk da haka bai kamata a miƙe ƙafa a kan wannan ba. Idan makarantu suka ci gaba da yaye ɗaruruwan mutane a sana'a ɗaya a inda buƙatarta ta riga ta cika, babu darasin da zai ƙirƙiro masu saye. A nan makarantar ce da kanta take buƙatar ilimin kasuwa, ta binciki abin da ake nema kafin ta buɗe aji.

Wanda zai yi aikin albashi ma bai fita daga lissafin ba. Makanikin da yake aiki a garejin kamfani shi ne yake yi wa mai mota bayanin dalilin da ya sa za a canza wani abu, kuma daga bayanin nasa ne mutumin zai yanke shawarar dawowa ko ƙaura. Neman aikin kansa ma sayarwa ce, domin sai ɗalibi ya iya nuna ayyukan da ya yi, ya faɗi amfanin da zai kawo. Intanet kuma ta rage kuɗin isa ga jama'a, amma ta ƙara yawan abin da ake buƙatar sani: ɗaukar hoton kaya a haske mai kyau, rubuta girma da launi da ranar isarwa ba tare da ƙari ba, amsa saƙo da wuri, da sanin yadda ake fuskantar ƙorafin da aka yi a bainar jama'a a Facebook ko Instagram. Kasancewar matashi yana yini da waya a hannu ba ya nufin ya iya ko ɗaya daga cikin waɗannan. A nan ne kuma ya wajaba a koyar da iyakar da ke tsakanin tallata kaya da yaudara, tare da dokokin kare masu saye na ƙasar da ɗalibi yake, domin dabarar jan hankali idan ta faɗa hannun marar amana cutarwa take yi.

Saura yadda za a koyar, kuma a nan ne yawancin yunƙuri yake lalacewa. Abin da aka saba shi ne a ƙirƙiro darasi guda na sana'ar dogaro da kai, a ajiye shi a ƙarshen mako, a kawo malamin da bai taɓa sayar da komai ba ya rubuta ma'anoni a allo, ɗalibai su kwafa su ci jarrabawa su manta. Kayan koyarwa ba su ne matsala ba, domin shirin ILO na fara kasuwanci da inganta shi, wanda ya samo asali daga wani horon ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta Suwidin a shekarun 1970, ana amfani da shi a ƙasashe sama da 100, kuma yana da sashe na musamman kan neman kasuwa da wani kan lissafin farashi. Matsalar ita ce raba darasin da ɗakin aiki. Ya kamata duk abin da ɗalibi ya ƙera ya zo da takardar lissafin abin da ya ci da farashin da ya yanka masa, kuma kafin ya fara babban aikinsa na ƙarshe ya fita ya yi magana da mutanen da yake sa ran za su saya, ya dawo ya gyara zanensa bisa abin da ya ji. Makarantun da suke karɓar aikin jama'a suna da dama ta musamman, in har za su bar ɗalibi ya karɓi odar da kansa, ya yi ciniki, ya kai kaya, ya saurari ƙorafi, maimakon malami ya yi duk wannan a ofis ya miƙo masa awo kawai.

Wannan yana da tsada ta fuska biyu. Sa'o'in manhaja ƙididdigaggu ne, kuma duk awar da aka ba lissafin farashi an ɗauke ta ne daga wani abu, don haka malaman fanni suna da hujja idan suka yi ƙorafi. Sannan malaman kansu sai an horar da su, ko a riƙa gayyato masu shaguna da suka daɗe a harkar su zauna da ɗalibai. Amma abin da zai tabbatar da canjin shi ne jarrabawa, domin malami da ɗalibi duk abin da za a tambaya suke ba muhimmanci. Muddin hukumomin ba da takardar shaida suna auna miƙewar ɗinki kaɗai, darasin kasuwa zai ci gaba da zama na cike gurbi. Idan kuwa aka ware maki ga takardar farashin da ɗalibi ya rubuta, da yadda ya tattauna da mai saye a gaban masu jarrabawa, kamar yadda kashi na uku na jarrabawar gwanayen Jamus ya tilasta wa magina da masu gyaran mota zama su koyi lissafi, makarantu za su nemo wa darasin lokaci da malami ba tare da an roƙe su ba.